Bakin Tuba da Rabe-raben Girmanta

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa halartar faretin soja ko na 'yan sanda ya ga wani ƙaton abin busa na tagulla a sahun baya na 'yan badujala, wanda mabushinsa kan rungume shi kamar tulu, ko kuwa ya ga ɗan'uwansa da akan rataya a kafaɗa, bakinsa a buɗe bisa kan mai busa. Wannan abin busa shi ake kira tuba. Kalmar daga harshen Latin take, sunan wani miƙaƙƙen ƙaho ne na sojan Rum, ba ta kuwa da wata dangantaka da tuba ta barin saɓo. A cikin dangin kayan busa na tagulla na Turai, tuba ce mai mafi kaurin murya, kuma a kanta sauran muryoyin ƙungiya suke zaune, kamar yadda ɗaki yake zaune bisa harsashinsa.

Masu ƙera tuba suna kasa ta gida huɗu ta fuskar girma, suna rubuta 3/4, da 4/4, da 5/4, da 6/4 a littattafan tallan hajarsu. Wanda ya ga waɗannan alƙaluma zai ɗauka awo ne tsayayye, irin na kilo ko na mita. Galibi kuma zai ɗauka faɗin bakin tubar suke nufi, tun da yake baki ne abin da ido ya fara gani. Duka zaton biyu kuskure ne, kuskure kuwa mai tsada, domin tuba tana cikin kayan busa mafiya kuɗi, makaranta ko rundunar da ta saye ta takan yi shekaru masu yawa tana aiki da ita, sau da yawa kuma daga ƙasashen waje akan yi odarta ba tare da an gan ta ba.

Manufar wannan lacca ita ce a bayyana yadda ƙirar baki take da alaƙa da waɗannan rabe-rabe. Za a nuna cewa girman tuba yana cikin yadda bututunta yake buɗewa, musamman a gwiwar ƙasa da maƙogwaron baki, kuma faɗin gefen baki shaida ce mai rauni a kan wannan girma.

2.0 ASALIN TUBA DA SASSANTA

Ranar 12 ga Satumba, 1835, hukumar ƙasar Purushiya ta ba Wilhelm Wieprecht, shugaban makaɗan soja a Barlin, da maƙeri Johann Gottfried Moritz, takardar mallakar fasahar wani sabon abin busa mai kaurin murya da bawul biyar. Wannan ita ce tuba ta farko. Kafin ita, ana ɗaukar muryar ƙasa da wani abin busa na itace mai lanƙwashe-lanƙwashe wanda aka laƙaba wa sunan maciji, sa'an nan da ofikilaid, wanda maƙerin Faris da aka fi sani da Halary ya ƙirƙiro a 1817. Waɗannan biyu da ramuka a jiki ake sauya musu sauti, kamar sarewa ko algaita, shi ya sa muryarsu ba ta daidaita daga wannan sauti zuwa wancan. Bawul ne ya kawar da wannan matsala, domin shi yana ƙara wa hanyar iska tsawo ba tare da an huda jikin bututu ba.

Domin a fahimci bayanin da zai biyo baya, ya kamata a san sassa shida, bi da bi, daga inda iska take shiga zuwa inda take fita. Na farko shi ne ƙoƙon busa, inda mabushi yake sa leɓunansa. Na biyu bututun shiga, siriri ne, yana kai iska ga bawul. Na uku bawul ɗin kansu, daga uku zuwa shida, ko dai masu hawa da sauka irin fistan mota, ko masu juyawa. Na huɗu su ne lanƙwashe-lanƙwashen jiki, waɗanda suke daɗa faɗi sannu a hankali har su kai ga mafi girmansu, watau gwiwar ƙasa, wadda take zama bisa cinyar mabushi. Na biyar maƙogwaro, watau miƙaƙƙen sashen da ya tashi daga gwiwar ƙasa ya nufi sama yana ci gaba da buɗewa. Na shida shi ne shimfiɗar baki, inda tagullar take bajewa da sauri kamar mazurari har ta ƙare a gefe. Maƙogwaro da shimfiɗa su ne tare ake kira baki, domin yanki ɗaya ne a wurin maƙeri. Amma idan littafin talla ya ba da awon baki, faɗin gefe kaɗai yake nufi, daga wannan ɓangare zuwa wancan.

3.0 TSAWON BUTUTU

Kafin a shiga zancen girma, wajibi ne a ware shi daga zancen tsawo. Tsawon bututu, idan an warware shi an miƙe, shi ne yake yanke kaurin sautin da tuba za ta bayar ba tare da an danna bawul ba. Bisa wannan akwai tuba iri huɗu, waɗanda ake kira da haruffan sautin kiɗan Turai. Tubar F tana da kimanin ƙafa 12, watau mita 3.7. Tubar Eb tana da ƙafa 13, watau mita 4. Tubar CC tana da ƙafa 16, watau mita 4.9. Tubar BBb kuwa tana da ƙafa 18, watau mita 5.5. Biyun farko su ne ƙanana, biyun ƙarshe su ne manya masu zurfin murya.

Wannan tsawo ba ya sauyawa da sauyawar lambar girma. Tubar BBb ta 3/4 da ake ba ɗan makaranta, da tubar BBb ta 6/4 da ƙato yake fama da ɗaukarta, duk kimanin ƙafa 18 ne tsawonsu, sauti ɗaya kuma suke bayarwa. Abin da ya bambanta shi ne launin muryar da cikarta.

Kakakin fada ya isa misali a nan. Wani kakakin kan kai mita uku ko fiye, ke nan tsawonsa bai yi nisa da na tubar F ba. Amma muryarsa mai kaifi ce, tana tsagewa, tana keta gari, alhali muryar tuba dunƙulalliya ce mai laushi. Dalili shi ne yawancin jikin kakaki siriri ne, sai can kusa da ƙarshe yake buɗewa, ita kuwa tuba tun daga bayan bawul take buɗewa kamar ƙahon sa, ba ta fasawa har ƙarshe. Ashe ke nan tsawo ɗaya yana iya ba da murya biyu, gwargwadon yadda aka raba faɗi a kan tsawon.

4.0 AIKIN BAKI

Mabushi yana haɗa leɓunansa cikin ƙoƙo, ya turo iska, leɓunan su dinga buɗewa da rufewa da sauri. Kowace buɗewa tana aika bugun iska cikin bututu, bugun ya yi tafiya da saurin sauti, watau kimanin mita 343 a sakan ɗaya, har ya isa baki. A nan yake rabuwa biyu. Ƙaramin kashi ya fita waje, shi ne kunne yake ji. Babban kashi ya juyo ciki, ya komo ga leɓuna, shi ne kuma yake tsayar musu da lokacin buɗewa da rufewa. In da duk bugun zai fice, da leɓuna ba su sami abin dogara ba, sauti ya yi ta yawo. In da kuma duk zai komo, da ba a ji kome ba. Saboda haka aikin baki sulhu ne tsakanin buƙatu biyu masu karo da juna, kowane maƙeri kuma da inda yake tsayar da nasa sulhun.

Har ila yau, sautin da kunne yake ɗauka guda ɗaya a haƙiƙa taro ne. Idan tubar BBb ta busa sautin da leɓuna suke karkarwa sau 58 a sakan, to tare da shi akwai mai 116, da mai 174, da mai 232, da sauransu zuwa sama. Ana iya kiran na farkon uwar amo, sauran kuwa 'ya'yan amo. Ƙarfin 'ya'yan nan, wane ya fi wane, shi ne launin murya, shi ne yake sa a bambanta goge da algaita ko da sauti ɗaya suka riƙe.

Masu sauraren rediyo sun saba da kalmar zango, gajere da matsakaici. Igiyar sauti ma tana da zango, ana kuwa samun sa ta hanyar raba saurin sauti da yawan karkarwa. Zangon sauti mai karkarwa 58 ya kusa mita shida. Bakin tuba mafi yawa bai wuce rabin mita ba. Abu mai rabin mita ba shi da ikon juya igiya mai mita shida zuwa wata fuska, don haka uwar amo takan bazu ko'ina, gaba da baya. Sai an hau zuwa 'ya'yan amo masu karkarwa wajen 700, waɗanda zangonsu ya kai rabin mita, ake samun sauti yana bin fuskar da baki ya duba sosai. Daga wannan lissafi za a gane cewa ƙara santimita biyar a gefen baki ba wani abu ba ne a wurin uwar amo. Tasirinsa yana kan 'ya'yan amo na sama, da yadda suke watsuwa cikin ɗaki.

Masanin kimiyyar sauti Arthur Benade na Amurka, wanda littafinsa a kan tushen wannan ilmi ya fito a 1976, ya bayyana wani abu da ya ƙara fito da matsayin maƙogwaro. Sautuka masu kauri ba su kaiwa gefen baki kafin su juyo. Tun a ciki suke juyowa, inda buɗewar ta fara yi musu sauri. Sirara su ne suke kaiwa kusa da gefe. Ma'anar wannan ita ce kowane sauti da tsawon bututun da yake gani, kuma siffar maƙogwaro ce take yanke ko sautukan tuba za su dace da juna ko za su saɓa. Maƙerin da ya ɓata maƙogwaro ya ɓata daidaiton sauti, ko da shimfiɗar bakinsa ta yi kyan gani.

5.0 MA'ANAR 3/4, 4/4, 5/4 DA 6/4

Irin wannan lissafi na rubu'i sananne ne a wurin masu ƙera gogen Turai, inda cikakken goge yake 4/4, na yara kuwa 3/4 ko 1/2. Ko a can ma lambar suna ce kawai, domin babban gogen da ake tsayawa a kaɗa, wanda yawancin manyan makaɗa suke riƙewa, 3/4 ake kiransa. A wurin tuba, 4/4 na nufin matsakaiciya ta yau da kullum, 3/4 ƙarama, 5/4 babba, 6/4 mafi girma. Babu wata hukuma ta duniya da ta tsayar da iyaka tsakaninsu. Kowane kamfani yana duban hajarsa ne, ya kira ta tsakiya 4/4, ya jera sauran daga nan.

Lamarin ya yi kama da mudu. Sunan ɗaya ne a kasuwanni da yawa, amma mai sayen hatsi ya san mudun wannan gari ba lalle ne ya cika na wancan ba, shi ya sa yakan tambayi mudun ina ne kafin ya yi ciniki. Sanannen abu ne a tsakanin mabusa cewa mudun kamfanin Rudolf Meinl na Jamus babba ne: tubar da yake kira 3/4 tana gogayya da 4/4 ta wasu, wadda yake kira 5/4 kuwa tana kaiwa 6/4 ta wasu. Bugu da ƙari, lambar tana aiki ne a cikin iri ɗaya kawai. Tubar F da aka rubuta wa 6/4 babba ce a cikin 'yan'uwanta na F, amma jikinta bai kai na matsakaiciyar BBb ba.

Sai a duba ko faɗin gefen baki yana bin lambar. A ƙasan jeri kamar yana bi: Yamaha YBB-105, wadda take 3/4, bakinta milimita 366 ne, Miraphone 186, wadda take 4/4, bakinta milimita 450. Amma daga nan lissafin yake rushewa. King 2341 ta Amurka 4/4 ce, bakinta kuwa inci 20, watau milimita 508. Shahararriyar tubar York ta ƙungiyar makaɗan Shikago, wadda ita ce abin koyi ga yawancin tubobin CC na 6/4, bakinta ma wajen inci 20 ne. Ga baki ɗaya, ga tazarar aji biyu. Susafon ɗin Conn 20K yana da baki inci 26, ya fi na York nesa, amma wannan bai sa jikinsa ya fi nata cika ba. Ita kanta Miraphone 186, tsofaffinta bakinsu milimita 420 ne, aka faɗaɗa shi daga baya, ba ta kuwa tashi daga ajin 4/4 ba.

Dalilin wannan yana cikin yadda ake ƙera baki. Maƙeri yana yanka fallen tagulla, galibi mai kashi 70 na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya, ya naɗe shi, ya lanƙaye bakin haɗin, ya daddake shi da guduma, sa'an nan ya ɗora shi bisa wani dunƙulen ƙarfe mai siffar baki, ya juya su a inji yana matsa tagullar har ta kwanta a jikin dunƙulen. A ƙarshe ya datse gefe, ya naɗe shi bisa waya domin ƙarfi. Wannan dunƙule shi ne yake ba da siffar maƙogwaro, yana da tsada, kamfani kuma kan daɗe yana aiki da shi. Inda za a datse gefe kuwa zaɓi ne mai sauƙi. Daga dunƙule ɗaya ana iya fitar da baki mai faɗin gefe iri biyu, alhali cikinsu ɗaya ne.

Saura awo na uku da littattafan talla suke bayarwa, watau faɗin ramin bututu a wurin bawul. Shi ma ba ya bin lambar. Ramin Miraphone 186 milimita 19.6 ne, na tubar York kuwa inci 0.750, watau kimanin milimita 19. Ke nan 4/4 ta fi 6/4 faɗin rami. Abin da ya jawo haka shi ne wurin da aka dasa bawul. A ƙirar Amurka mai fistan, bututun shiga gajere ne, bawul suna kusa da ƙoƙo, inda bututu bai riga ya buɗe ba. A ƙirar Jamus mai bawul masu juyawa, bututun shiga dogo ne, bawul suna can gaba inda faɗi ya ƙaru. Awo biyu da aka ɗauka a wurare dabam ba su gwaduwa da juna.

6.0 INDA GIRMAN YAKE

Idan tsawo, da gefen baki, da ramin bawul duk sun kasa, abin da ya rage shi ne faɗin rabin bututu na ƙarshe, watau manyan lanƙwasa, da gwiwar ƙasa, da maƙogwaro. Idan aka jera tuba ta 4/4 da ta 6/4 aka rufe shimfiɗar bakinsu da mayafi, ido zai ga bambancin nan take: gwiwar ta biyun ta fi kauri, maƙogwaronta ya fi cika hannu. Ƙaramin bambanci a faɗi kuwa babba ne a fili. A ƙaddara maƙogwaron wata tuba santimita 15 ne a wani wuri, na wata kuma 18 a daidai wannan wuri. Faɗi ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, amma filin ramin ya ƙaru da kashi 44, tun da fili yana bin faɗi ne ninki cikin ninki. Iskar da take cikin wannan sashe ita ma ta ƙaru da wannan gwargwado.

Wannan faɗi yana haifar da abu uku. Na ɗaya, sautuka masu kauri suna samun hanyar fita fiye da yadda suke samu a matsattsen maƙogwaro, murya ta yi nauyi da faɗi. Na biyu ya shafi tsagewar murya. Idan aka busa da ƙarfi cikin siririn bututu, matsin iska yana yin yawa, gaban igiyar sauti ya yi ta miƙewa yayin da take tafiya, har ta haifi 'ya'yan amo masu kaifi da yawa. Wannan ita ce tsagewar da ake ji a kakaki da begila. Bututu mai saurin buɗewa yana baza matsin tun da wuri, igiyar ba ta samun damar miƙewa. Manazarta irin su Arnold Myers da Murray Campbell na Jami'ar Edinbara, tare da abokan aikinsu, sun auna faɗin bututun kayan busa masu yawa wuri-wuri, suka fitar da ma'auni na wannan hali, suka nuna cewa dangin tuba suna can ƙasa, su turombon da tirampet suna sama. A cikin dangin tuba kansa, babba takan jure busa mai ƙarfi ba ta tsage ba, ƙarama takan tsage da wuri.

Na uku shi ne farashin da mabushi yake biya. Babbar tuba tana cin iska, tana jinkirin amsawa, sautukan sama sun fi wuyar kamawa a kanta, kuma gudu cikin sautuka masu sauri yakan cakuɗe. Ƙarama tana amsawa nan da nan, kowane sauti ya fito rarrabe. Don haka lambar girma ba jerin daraja ba ce, wadda 6/4 take sarauniya a cikinta. Kowane aji da aikin da ya dace da shi.

7.0 SALON ƘASASHE

Tarihin ƙirar baki ya nuna cewa kowace ƙasa ta bi muryar da kunnenta yake so. Tubar Barlin ta 1835 siririya ce, bakinta ƙanƙane ƙwarai idan aka gwada da na yau. Wanda ya buɗe jikin tuba sosai shi ne Václav František Červený na Bohemiya, cikin Jamhuriyar Cek ta yanzu, wanda ya kafa maƙerarsa a 1842, ya kuma fito da ƙirar da ake kira Kaiser, watau ta sarki, a shekarun 1880. Ƙirar Jamus da Bohemiya tana da dogon baki mai kama da bututun hayaƙi: maƙogwaro mai faɗi, yana buɗewa a hankali, shimfiɗa kaɗan a ƙarshe. Muryarta takan tashi a dunƙule, tana da tsakiya mai ƙarfi.

Ƙirar Amurka ta bi wata hanya: gajeren jiki mai kauri, da gajeren baki mai shimfiɗa mai faɗi. A farkon shekarun 1930 kamfanin York na garin Grand Rapids ya ƙera manyan tubobin CC guda biyu domin Philip Donatelli na ƙungiyar makaɗan Filadelfiya, saboda jagoran ƙungiyar, Leopold Stokowski, yana son murya mai faɗi da za ta shimfiɗu a ƙarƙashin sauran makaɗa. Tubar ba ta dace da jikin Donatelli ba, domin mutum ne mai ƙiba, in ya ja numfashi sai cikinsa ya ture ta daga leɓunansa. Ya sayar da ita ga ɗalibinsa Arnold Jacobs, wanda ya busa ta a ƙungiyar Shikago daga 1944 zuwa 1988, duk da yana fama da ciwon asma. Kamfanoni da dama, irin su Holton, da Hirsbrunner, da Yamaha, sun kwaikwayi ƙirarta. Labarin Donatelli ya nuna cewa ko a hannun ƙwararre, tuba mai kyau tana iya zama ba ta mutum ba.

Faransa ta tsaya a ɗaya ƙarshen. Har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙungiyoyinta suna aiki da wata 'yar ƙaramar tuba ta C mai bawul shida, wadda tsawon bututunta ƙafa takwas ne kawai. Wannan ce tubar da aka sani a Faris lokacin da Maurice Ravel ya tsara wa ƙungiya kiɗan Mussorgsky na hotunan baje koli a 1922, shi ya sa sashen tuba na keken shanu a cikinsa ya hau sama ƙwarai, har mabusan yau sukan ajiye babbar tuba su ɗauki ƙarama dominsa. A Ingila kuwa, ƙungiyoyin busa na tagulla sun tsaya a kan tubar Eb biyu da BBb biyu. Tubar Eb ta can ta daɗe da baki mai inci 15, daga baya aka mai da shi 19, a zamanin da John Fletcher na ƙungiyar makaɗan Landan ya shahara da ita, domin ta iya ɗaukar nauyin babbar ƙungiya.

8.0 FUSKAR BAKI

Akwai fanni ɗaya na ƙirar baki wanda lambar girma ba ta ambatonsa ko kaɗan, shi ne fuskar da baki yake duba. An riga an nuna cewa 'ya'yan amo na sama suna bin fuskar baki, su ne kuwa suke ba kunne farkon kowane sauti da rarrabewarsa. Bakin da ya dubi sama yana aika su ga rufin ɗaki, su sauko a gauraye. A fili kuwa babu rufi, sai su tafi ga sararin sama a banza.

John Philip Sousa, jagoran makaɗan busa na Amurka, ya nemi a yi masa tuba mai zagaye jiki wadda bakinta yake duban sama, domin murya ta lulluɓe ƙungiya. Kamfanin J. W. Pepper ya ƙera ta a shekarun 1890, Conn ya fito da tasa a 1898, aka sa mata suna susafon. A 1908 Conn ya karkato da bakin ya dubi gaba, wannan ce kuma ƙirar da ta bazu a faretin duniya. Haka kuma, kafin a fara ɗaukar faifan garmaho da makirufo a 1925, da mazurari ake tara sauti, babban goge kuwa ba ya shiga faifai sosai, sai aka riƙa sa tuba a madadinsa, aka juya bakinta gaba domin ta fuskanci mazurarin. Irin wannan baki yakan kai inci 22 zuwa 24, a kan jikin da wani lokaci matsakaici ne. Wasu tubobin ma kwance bakinsu ake yi, a sa mai duban sama ko mai duban gaba, jiki yana nan yadda yake.

9.0 ABIN LURA GA MAI SAYE

Daga bayanan da suka gabata, mai sayen tuba yana da tambayoyi huɗu, a jere. Ta farko, wane iri ce, F, Eb, CC ko BBb, domin dole ta dace da takardun kiɗan ƙungiya da horon mabusanta. Ta biyu, wane kamfani ne ya sa lambar girman, kuma yaya mudunsa yake idan an gwada da na wasu. Ta uku, nawa ne faɗin gwiwar ƙasa da na maƙogwaro, da tsayin tubar da nauyinta. In ba a rubuta ba, a nema. Ta huɗu, a ina za a busa ta, cikin ɗaki ko a fili, tare da mutum biyar ko tare da tamanin.

Ga mai koyo ɗan shekara goma sha biyu, 3/4 ce daidai; a ba shi 6/4, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ga ƙungiyar da tuba ɗaya za ta iya saye, 4/4 ce mai yin kowane aiki. Ga fareti, fuskar baki da nauyi sun fi lambar muhimmanci. Aji na 5/4 da 6/4 na manyan ƙungiyoyi ne a manyan ɗakuna, ko a can ma mabushi yakan ajiye ƙaramar tuba ta F ko Eb kusa da shi. Yin oda bisa lamba kaɗai cinikin biri a sama ne, inda hali ya yi kuwa, a sa wanda zai busa ta ya gwada ta tukuna.

10.0 KAMMALAWA

An nuna a wannan lacca cewa tsawon bututu ne yake yanke irin tuba, ba ya kuwa sauyawa da lambar girma. An nuna cewa 3/4, 4/4, 5/4 da 6/4 sunaye ne da kowane kamfani yake sawa bisa hajarsa, kuma faɗin gefen baki da ramin bawul duk suna iya saɓa musu, kamar yadda misalan King, da York, da Miraphone suka tabbatar. Dangantakar baki da girma tana cikin maƙogwaro, domin shi ne ci gaban gwiwar ƙasa, shi ne yake riƙe da yawancin iskar, shi ne kuma yake yanke nauyin murya, da daidaiton sauti, da jurewar busa mai ƙarfi. Shimfiɗa da fuskar baki aikinsu rarraba muryar ne bayan an riga an yi ta. Da masu ƙera tuba za su riƙa buga faɗin bututu a wurare uku ko huɗu tsayayyu, kamar yadda manazartan Edinbara suke aunawa, da mai saye ya sami abin gwada tubar wannan kamfani da ta wancan kafin ya fitar da kuɗinsa.